Foldar da Ban Sauke Ba

Shekarun baya can, lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Suleja, wata baƙuwar lamba ta kira ni ana dab da tashi daga makaranta. Muryar dattijo ce, mai magana a hankali. Bayan mun gaisa ya tambaye ni ko ni ne jikan wance, maginiyar tukwanen nan da ta zauna a unguwar Hashimi. Na ce ni ne, sai dai ban taɓa ganinta ba, don ta rasu tun mahaifiyata tana 'yar shekara goma sha uku.

Ya ce shi ya gan ta. Yana saurayi, yana karatu, ya zo Suleja da rakoda ya yi makonni yana bin masu ginin tukwane gida gida, yana ɗaukar maganarsu a kaset. Daga baya ya zama malamin jami'a. Kaset-kaset ɗin sun lalace tuntuni, amma kafin su lalace ɗalibansa sun juye su cikin wata kwamfuta ta sashensu. Yanzu ya yi ritaya, ya koma garinsu, idonsa ma ya yi rauni, sai aka sanar da shi cewa za a kashe wannan tsohuwar kwamfutar a ƙarshen wata. Shi ne ya tashi neman iyalan matan. Da ƙyar, ta hannun wani tsoho a Hashimi, ya samu lambata.

Ya ce, "Muryar kakarka tana ciki. 'Yata za ta turo maka yadda ake shiga. Kwana tara ya rage."

Da na koma gida a unguwar Kwamba na tarar da mahaifiyata tana tsince wake a tire. Na ba ta labari ina ta zumuɗi, ina jiran ta yi guɗa ko ta yi salati. Sai ta ajiye tiren. Can ta ce, "Ka san na manta muryarta?" Ta ce tana tuna fuskarta, tana tuna ƙanshin yumɓu a zaninta, har tabon ƙuna da ke hannunta na hagu tana gani. Amma murya ta ɓace mata. Ko a mafarki in ta gan ta, bakinta ne kawai yake motsi. Ban taɓa jin ta faɗi wannan ba, kuma tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na ce mata in Allah ya yarda kafin watan ya ƙare za ta ji.

Alkawarin na yi shi ne da ƙarfin hali, don da saƙon ya iso ban gane komai ba. Layi huɗu ne: wani adireshi da ya fara da haruffa uku, FTP, sai suna, sai kalmar sirri, sai lamba ashirin da ɗaya tsaye ita kaɗai. Na zuba adireshin a waya yadda nake buɗe kowane shafi, wayar ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Har kiran lambar nan ashirin da ɗaya na yi, kada ku faɗa wa ɗalibaina.

Ya kamata in gaya muku irin mutumin da nake. Ni tun ina ƙarami ba a barina da abu mai murfi. Rediyon mahaifina na kwance ina aji uku don in ga inda mai labarai yake zama, na mayar da ita da ragowar ƙusa uku a hannuna, kuma ba ta sake magana ba. Agogon bango, fitilar ƙwai, keken ɗinkin maƙwabciyarmu, duk sun sha hannuna. A gidanmu in abu ya lalace ba a tambayar me ya same shi, ni ake nema. To irin wannan mutumin ne aka miƙa wa ƙofa a kulle da mabuɗinta.

Washegari na kai wa abokina, malamin kwamfuta a makarantarmu, mutumin Filato. Yana ganin saƙon ya yi dariya.

"Malam, dis one no be wahala. FTP ne. Tsohon hanya ne na ɗauko fayil daga wani kwamfuta zuwa naka. Browser ba zai buɗe maka ba, sai mun sa client."

Ya sa wata manhaja a laftof ɗinsa, ya cike gurabe huɗun nan, ya danna. Allon ya rabu biyu. Ya ce ɓangaren hagu kwamfutarmu ce, ɓangaren dama kuma waccan ce ta jami'a, wadda suke kira saba. Abin da kake so sai ka kama shi da linzamin kwamfuta daga dama ka jawo shi hagu. Shi ke nan.

Shi a wurinsa shi ke nan, ni a wurina yanzu aka fara. Akwai wasu rubuce-rubuce da suka gudana a saman allon kafin ƙofar ta buɗe, na ce ya mayar da su in gani. Ashe gaisawa injinan biyu suke yi. Tamu ta yi sallama, waccan ta ce maraba, ta tambayi suna, aka faɗa mata, ta tambayi kalmar sirri, aka ba ta, sannan ta ce a shigo. In ka gama za ka fita, har sai anjima take cewa. Wannan abu ya burge ni fiye da kima. Na tambaye shi a wane ɗaki sabar take, wa yake kunna ta da safe, in an ɗauke musu wuta ya take yi, kuma lamba ashirin da ɗaya ta mece ce. Ya ce lambar ƙofa ce, kowane irin aiki da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa. Na ce to sauran ƙofofi ashirin ɗin fa? Ya ce, "Malam, abeg, ina da aji."

Kafin ya fita na yi masa tambaya ɗaya da ta fi damuna: in na jawo fayil zuwa hagu, na can ya ragu? Ya ce ko kaɗan, kwafi ne, mutum dubu za su iya ɗauka yana nan yadda yake. Ya ba ni aron laftof ɗin da modem ɗinsa, ya ce in riƙe har in gama.

A ɓangaren dama akwai folda goma sha ɗaya, kowacce da sunan mace da unguwarta ko ƙauyenta. Ta kakata ce ta huɗu, da fayil shida a ciki. Da la'asar na zauna kusa da mahaifiyata ina karanta mata sunayen. Wasu ba ta san su ba. Wasu ta ce an yi su. Da na zo kan ta biyar sai ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ai ƙawar Iya ce. Tare suke zuwa ɗiban yumɓu, tare suke gashin tukwane. In ka ga ɗaya ka ga ɗayar."

Na ce tunda ƙofa a buɗe take, bari in kwashe duka goma sha ɗayan.

Ta ce, "Ka kwashe na wa?"

"Duka mana, Umma. Ai ba ya raguwa. Ko na ɗauka, nasu yana nan."

"Matar mutane ta zauna ta yi maganarta, ka san abin da ta faɗa? In zancen gidanta ta yi fa? 'Ya'yanta suna nan da ransu, yadda aka kira ka haka za a kira su. Ɗauko mana na uwarmu ka fito."

Na sake yi mata bayanin kwafi, har da misali da hoto. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, kuma kada in taɓa na mutane. Sannan ta ƙara sharaɗi na biyu: ko an sauke, babu mai saurara sai yayarta ta zo daga Diko. Ita ce babba, ita ta yi jinyar Iya, ba zai yiwu ƙarama ta riga ta jin muryar ba. Aka kira Inna, haka muke ce wa yayar tata, ta ce ba za ta samu zuwa ba sai Lahadi, bayan an ci kasuwa. Watan kuwa ranar Juma'a zai ƙare. Ban ga matsala ba, tunda kafin nan namu ya riga ya shigo hannu.

Saukewar kanta ta ci kwana huɗu. Fayilolin manya ne, sabis kuma a gidanmu sai ka rataye modem a taga. Kullum in na dawo daga makaranta sai in zauna in zuba wa wani koren layi ido yana rarrafe a ƙasan allo. A rana ta biyu fayil ya kai kusan ƙarshe, aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin da ma sunansa kawai batir, allo ya yi baƙi. Na riƙe kai. Da wuta ta dawo na sake shiga, sai manhajar ta tambaye ni: a fara daga farko, ko a ci gaba daga inda aka tsaya? Na kira abokina ina ta ihu, na ce ta yaya ta san inda muka tsaya? Ya ce tamu ce take auna abin da ya riga ya iso, ta gaya wa waccan ta ɗora daga nan. Na yini ina ba mutane wannan labarin, har mai shagon ƙofar gidanmu, wanda ko a jikinsa.

A cikin kwanakin nan jaraba ta zo min ta hanya biyu. Ta farko, foldar ƙawar Iya. Ina zaune ba abin yi sai kallon koren layi, ga ta nan a ƙasan tamu. Wata rana na buɗe ta, na ce ai duba sunayen fayil ba ɗauka ba ne. Tara ne a ciki, ɗaya ya ninka sauran girma nesa ba kusa ba. Na ɗora linzami a kansa. Na ce me aka yi haka da tsawo? Sai na ji takun mahaifiyata a tsakar gida, na rufe da sauri kamar an kama ni da hannu a tukunyar miya. Sau uku na koma na leƙa a ranaku daban-daban, sau uku ina janye hannuna.

Ta biyu, namu da suka riga suka sauka. Abokina ya ce, "At least ka yi testing, Malam. In fayil ɗin ya lalace fa? Ka saurara ka tabbatar." Na ce na yi alkawari. Ya ce to ko daƙiƙa biyar. Na sa abin kunne na danna na farko. Na ji carar zakara, na ji ana buga wani abu, tim, tim, tim, na yi maza na kashe. Sauti yana fita, hankalina ya kwanta. Ranar Alhamis na shida ya sauka, na juye su a filas, 'yar ma'ajiyar fayil, guda biyu, na fita daga sabar, ta yi min sai anjimarta. A raina har yabon kaina nake, yau ga ni da abu mai murfi ban buɗe ba.

Lahadi da hantsi Inna ta iso da doyarta a buhu. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin mahaifiyata, na aro lasifika na haɗa. Su biyun suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowacce ta gyara lulluɓi kamar za a shigo da baƙo. Inna ta ce bismillah, na danna.

Zakara ya yi cara. Bugun nan ya fara, Inna ta ce katakon da take daidaita jikin randa da shi ne. Sai muryar wani saurayi, wato dattijon nan a ƙuruciyarsa: "Iya, daga ina kuke ɗibo yumɓu?" Shiru. Bugu ya tsaya, aka ji ɗan raɗa da kunne ba ya kamawa, sannan wata mace mai kakkaurar murya ta ce, "Ta ce daga bakin rafi."

Mahaifiyata ta dubi yayarta. Inna ta girgiza kai ta ce, "Ba ita ba ce. Ƙawarta ce wannan."

Haka aka yi ta yi. Saurayin ya yi tambaya, a yi raɗa, ƙawar ta ce ta ce kaza. Wa ya koya mata? Ta ce gwaggonta. Kwana nawa randa take bushewa? Ta ce ya danganta da rana. Lokaci zuwa lokaci sai wani namiji ya yi gyaran murya a kusa. Inna ce ta warware mana: a zauren gida aka yi ɗaukar, mai gyaran muryar kuma wan mijin Iya ne, wanda ba ya barin zauren nan. Iya ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba har ta bar duniya, balle ga baƙon namiji a zaune. Fayil na ɗaya ya ƙare, na biyu, na uku. Aka yi azahar aka dawo. Na huɗu, na biyar. Ni dai ban iya kallon mahaifiyata ba.

A ƙarshen na shida saurayin ya ce, "Iya, kwana biyu ina zuwa, har yau ban ji muryarki ba." Ƙawar ta tuntsire da dariya ta ce a nan ba za ta yi ba, ya zo gidanta. Aka ji mai gyaran murya ya ja takalmi ya fita. Sai wata siririyar murya, mai ɗan sauri, da dariya a ƙarƙashinta, ta ce:

"Gobe a gidanta zan yi maka magana har ka gaji. Har waƙa in kana so. Sai goben."

Rakoda ta yi ƙas, fayil ya ƙare.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Mahaifiyata ta ce, "Ita ce. Wallahi ita ce. Mayar." Na mayar. Ta ce in sake. Ina mayarwa karo na huɗu ne abin ya faɗo min. A gidan ƙawar. Fayil ɗin nan mai girma.

Na jawo laftof na rataye modem a taga, na danna shiga. Tamu ta yi sallama. Babu amsa. Ta jira, ta sake yi, sai jan rubutu ya fito cewa ba a samu kowa ba. Na gwada ya fi sau goma. Na kira abokina, ya fito daga coci ke nan, ya ce in karanta masa jan rubutun. Da na karanta ya ce, "Sorry, Malam. Sun kashe."

Na kira dattijon. Ya ce ƙwarai ya tuna ranar, ai ita ce mafi daɗin ranakun aikinsa. Kakata ta yi hira, ta yi waƙa, ta kwaikwayi yadda masu saye suke ƙwanƙwasa tukunya suna kushe ta, har ya manta da abincin rana. Ya sa shi a foldar ƙawar ne saboda a gidanta aka ɗauka. Ya ce, "Ba ku sauke ba?" Na ce namu kawai muka ɗauka. Ya yi salati, ya ce zai bincika. Bayan mako biyu ya kira ni da kansa. An goge injin an ba shi wani aiki, kowa ya ɗauka wani ya ajiye kwafi. Kuma a cikin gidaje goma sha ɗayan nan, mu kaɗai ya iya samu.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina gaishe da mahaifiyata a tsaye in wuce. A rana ta uku ta kira ni ta ce in zauna. Ta ce, "Ni na hana ka, ban manta ba." Na ce ba ita kaɗai ba, matan nan goma ma sun tafi ke nan, da na kwashe da yanzu na bi gidajensu na raba wa jikokinsu. Sai ta dube ni ta ce, "To me ya hana ka faɗa min haka a ranar? Da ka ce ajiya za mu yi musu, ai da ban hana ba. Ka tsaya kana ta ce min ba ya raguwa, ba ya raguwa. Ni na ce maka yana raguwa?"

Gaskiyarta ce. Na shagala da mamakin inji, na yi ta ba ta amsar tambayar da ni ta dama, ban saurari abin da ita take tsoro ba. Na san lambar ƙofa, na san yadda ake ɗorawa daga inda aka tsaya, amma ban tambayi dattijon ko ya samu sauran iyalan ba, alhali kira ɗaya ne. Tun daga lokacin, duk abin da na ji za a rufe ko za a goge, nakan fara ajiyewa tukuna, ban buɗe ba, sannan in nemi mai shi. Kuma in zan shawo kan babba, nakan fara tambayar me yake gudu.

Har yanzu ina son sanin waƙar da ta yi. Inna ta rantse waƙar daka ce da take yi musu suna yara, mahaifiyata ta ce sam, wata ce da take yi in tana jera tukwane za a gasa. Kowacce ta rera min tata, suka yi ta gardama duk zuwan Sallah, har Inna ta rasu ba su daidaita ba.

Abokina ne ya yanko 'yar maganar nan ta ƙarshe ya sa wa mahaifiyata a waya. Ba ta kai daƙiƙa goma ba. Yanzu ta tsufa sosai, ba ta iya neman lambar kowa da kanta, amma wannan ta san inda take dannawa. Wani lokaci da safe ina shirin fita sai in jiyo daga ɗakinta, siririyar muryar nan tana cewa za ta yi magana har a gaji, sai goben. Mahaifiyata kuma takan amsa mata, a hankali, yadda ake amsa wa wanda ke zaune kusa da kai:

"To Iya, Allah ya kai mu."